Mesar Mushe da Iskar Hunturu

Duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san ranar da iska ke juyawa. Wajen ƙarshen kaka, wata safiya sai mutum ya tashi ya ji leɓe ya yi masa nauyi, hanci ya bushe, ƙofar katakon da ta kumbura da damana har tana ƙin rufuwa ta saki tana ƙara. Wankin da ke kwana biyu bisa igiya cikin watan Ogusta, yanzu kafin azahar ya bushe ƙayau. Ma'aikatan auna yanayi suna da lissafin wannan abu da kowa ya sani a jika. Suna auna laimar da ke cikin iska kashi-kashi bisa 100. A tsakiyar damana, a Maraɗi ko Damagaram, takan kai 70 ko 80, amma daga Fabrairu zuwa Maris, da rana tsaka, ba abin mamaki ba ne a ga ta sauko ƙasa da 15. Mutum ya shafa man kaɗe, ya sha ruwa, ya wuce abinsa. Akuya da raƙumi kuwa Allah ya yi musu nasu tanadi. Sai dai akwai wani gida a wata unguwa ta Maraɗi inda wannan lamba ta zama abin dubawa safe da yamma, shekara da shekaru, domin ran wata dabba yana rataye da ita.

Maigidan malamin lise ne, mai koyar da ilimin halittu, kuma duk unguwa Mushe ake ce masa, har tsofaffin da suka haife shi. A wata tafiya ta ƙarin ilimi da ya yi zuwa Lome ya sayo ƴar mesa a ɗaya daga cikin gonakin da ke ƙyanƙyasar su, da takardunta cif, domin ya riƙa nuna wa ƴan makaranta abin da littafi ke faɗi. Ba babbar mesar nan ba ce ta bakin gulbi mai haɗiye akuya, wadda kan kai mita 4 ko 5. Wannan ƙarama ce, tsawonta bai cika wuce mita 1 da rabi ba, ba ta da dafi, kuma in ta ji tsoro ba ta sara: sai ta dunƙule kamar curin fura, ta ɓoye kanta a tsakiya. Masana suna kiranta Python regius. Tana zaune daga Senegal har Uganda, kuma a garin Wida na ƙasar Benin akwai wani ɗakin tsafi da aka keɓe mata, yana kallon cocin Katolika, inda ake barinta ta yi yawo ba mai cutar da ita.

Abin da ya biyo bayan isowarta gidan ba sai an faɗa ba. Maƙwabta suka ce Mushe ya shiga gardanci, wasu suka ce asirin neman muƙami ne. Uwargida ta gindaya sharaɗi ɗaya: akwatin ya zauna a ɗakin karatu, da kwaɗo, kuma mabuɗin ya kwana a aljihun mai shi. Tambayar da kowa ke yi ita ce, me take ci? Shi kansa Mushe nan hankalinsa yake. Ya shirya da wani yaro mai kiwon fararen kusa, ya rubuta ranakun ciyarwa a littafi, ya yi wa akwatin fuska da waya mai ƙananan idanu domin iska ta shiga ta fita, ya shimfiɗa rairayi mai tsabta kamar yadda yake gani a hotuna. Watan Yuli ne ta zo, cikin ruwa. Wata uku komai lafiya. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Alamar farko ta fito ne wajen saɓa. Maciji ba ya girma cikin fatarsa ta waje. Lokaci-lokaci sai ya tuɓe ta, ƙarami duk wata ɗaya ko biyu, babba sau kaɗan a shekara. Kafin ya tuɓe, jiki yakan zubo wani ɗan ruwa tsakanin tsohuwar fata da sabuwa, shi ne ke sa launinsa ya dushe, idonsa ya yi hazo kamar madarar da aka surka. Bayan ƴan kwanaki idon ya washe, bayan wasu kwanakin kuma ya goga hanci jikin wani abu mai kaushi, ya fita daga tsohuwar rigar yana juya ta ciki waje, kamar yadda ake cire safa. In jiki yana da ruwa kuma iska tana da laima, saɓar takan fita ɗaya tak, daga hanci har wutsiya. Ta watan Disamba kuwa, a ɗakin Mushe, ta fita ne gutsi-gutsi kamar ɓawon albasa. Wani yanki ya liƙe a wuya, wani a ƙarshen wutsiya, kuma ido ɗaya ya kasance kamar an manna masa tsohuwar takarda.

Wannan na ido yana son bayani. Maciji ba shi da fatar ido da yake ƙiftawa. Idonsa yana rufe ne da wani ɓawo garai-garai kamar madubin agogo, wanda ke fita tare da saɓa. In bai fita ba, saɓa ta gaba ta hau kansa, ta uku ta hau kan ta biyu, har dabba ta daina gani, ko ciwo ya shiga ƙarƙashi. Na wutsiya ma ba wasa ba ne: busasshiyar fata takan tsuke kamar zoben da ya yi wa yatsa kaɗan, ta tare jini, ƙarshen wutsiya ya mutu ya guntule. Akwai kuma wasu alamu da mai lura ke gani tun kafin a kai nan. Fata takan yi tamoji a wuya da haƙarƙari, in an ɗan tsunkule ta ba ta komawa da sauri. Madubin ido yakan lotsa ko ya yanƙwane. Yawu ya yi kauri yana jan zare. Sa'an nan bayan gida. Maciji ba ya fitsari kamar tunkiya; yana fitar da wani farin abu kamar alli tare da kashi. Mai lafiya nasa yakan fito da taushi. Mai ƙishirwa nasa yakan fito da tauri kamar tsakuwa, da ƙyar, kuma in abin ya daɗe wannan allin yana taruwa a ƙoda da gaɓoɓi, daga nan kuwa magani ya yi wuya.

Abin da ya ɗaure wa Mushe kai shi ne, kwanon ruwa bai taɓa bushewa a akwatin ba. Ashe sha kaɗai ba ya isa. Maciji yana rasa ruwa ta fata da ta numfashi, dare da rana, kuma gwargwadon bushewar iska gwargwadon asarar. Ga shi kuma mesa irin wannan takan ƙi abinci wata biyu ko uku da sanyi, ɗabi'arta ce, alhali wani kaso na ruwan jikinta daga naman da take ci yake zuwa. Ga iskar hunturu tana ratsa wayar akwatin ba shamaki. Ga rairayi, wanda ba ya riƙe ko ɗigo. Ga kuma fitila. Da dare ya fara sanyi, ma'aunin zafi yana sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, Mushe ya rataya ƙwan lantarki domin ɗumi, kuma daidai ne, domin wannan dabba tana son wajen digiri 31 ko 32 a gefe ɗaya na akwatinta, 26 a ɗaya gefen. Amma zafi yana da haraji. Iskar da ta cika ɗakin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa kowane mita 1 ne tana iya ɗaukar ruwa giram 17 in zafinta digiri 20 ne. A digiri 30 tana ɗaukar giram 30. A digiri 40 ta wuce giram 50. Wato in ka ɗauki iskar ɗaki mai laima 30 bisa 100 a digiri 20 ka ɗumama ta zuwa 32, ba ka cire mata ko ɗigo ba, amma laimarta ta koma 15. Ta zama maƙoshi buɗe, kuma abin da ya fi kusa da ita mai ruwa shi ne jikin mesa. Littattafan masu kiwo suna neman 60 ko sama, 70 zuwa 80 lokacin saɓa. Mushe ya koyar da wannan lissafi a allo sau da yawa. Ranar da ya aro ma'aunin laima daga ɗakin gwaje-gwaje ya ajiye cikin akwatin, allura ta tsaya a 14.

Abu na farko da ke zo wa kowa a zuciya shi ne ya kwarara ruwa. Haka ya yi: feshi safe, feshi rana, feshi dare, har rairayin ya zama caɓi. Allura ta hau 80, bayan awa biyu ta faɗo 25. Mesar kuwa ta kwana bisa jiƙaƙƙen ƙasa mai sanyi tana shaƙar busasshiyar iska, wato ta haɗa sharri biyu. Cikin makonni kaɗan ɓawon cikinta ya fara yin jajaye-jajaye da ɗigon ruwan ƙasa. Wannan ruɓewar fata ce, ciwon da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa mai datti ke kawowa, kuma yana kisa kamar yadda ƙishirwa ke kisa. Likitan dabbobin da aka kai wa, mutumin kirki wanda ya ƙare aikinsa a kan shanu da tumaki, ya wanke wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ce a bar ta bisa busasshiyar takarda har ta warke, ya kuma faɗi gaskiya cewa sauran aikin ba na allura ba ne, na gida ne.

Wanda ya buɗe masa ido ba likita ba ne, ba littafi ba. Wani Alhaji ne mai sayar da goro, uban wani ɗalibinsa, wanda ya zo gaisuwa ya tarar da shi tsugune gaban akwati da butar feshi. Ya tsaya daga bakin ƙofa, domin ya rantse ba zai matsa kusa ba, ya saurari bayani har ƙarshe, sa'an nan ya ce: "Mushe, ai wannan huhu kake nema ba ka sani ba. Goro ma ɗan kurmi ne. In ka bar shi a iska ya yi yaushi, in ka jiƙa shi ya ruɓe. Mu ba goron muke jiƙawa ba. Ganye muke shimfiɗawa, mu rufe, mu ɗaure, mu yayyafa wa algarara ruwa daga waje, kuma lokaci-lokaci mu kwance mu tsince wanda ya ɓaci." Wannan sani ne da fatake suka zo da shi tun zamanin da ake tafiya Gwanja da jakuna, wata da watanni cikin rani, a iso Kano ko Katsina da goro ɗanye shakaf cikin ganyen fita. Ba su san kashi bisa 100 ba, amma sun san bambancin jiƙa da laima, kuma wannan bambanci shi ne dukan maganar.

Domin in an duba da kyau, mesar nan ba a sararin Togo take zaune ba. Arewacin Togo da Gana da Benin su ma hunturu yana kai musu, ciyawa ta bushe, a sa wa daji wuta. Abin da ke tserar da ita shi ne ba ta zama a waje. Yininta a rami take yi, ramin gafiya ko na kusu, ko tsohon suri, ta fito da dare in ta ga dama, da rani kuwa ta yi makonni ba ta leƙo ba. Gara ba ta rayuwa sai da laima, saboda haka cikin suri iska kusan ƙoshe take da ruwa ko da ƙasa ta tsage a waje. Ƙasar mesa ita ce ramin, ba abin da taswira ta nuna ba. Har ƙwanta haka ne. Uwar takan yi ƙwai 6 ko 7 galibi, ta nannaɗe su da jikinta wajen wata biyu ba ci. An daɗe ana zaton ɗumi take ba su, sai wani bincike da aka yi a Togo, aka buga a 2005, ya nuna babban amfanin nannaɗewar shi ne hana ƙwan bushewa: waɗanda aka raba da uwa sun rasa ruwa, da yawa ba su ƙyanƙyashe ba. Matan gida ma sun san wani abu daga wannan ba tare da bincike ba. Da bazara, ina ake tarar da maciji in ya shigo gida? Gindin randa.

To, sai Mushe ya daina ƙoƙarin mai da ɗakinsa Lome, ya koma gina rami. Ya rufe wayar akwatin da katako mai fenti da gilashi, ya bar ƴan ƙofofin iska ƙanana, wasu ƙasa a gefen sanyi, wasu sama a gefen ɗumi, domin iska ta riƙa canzawa a hankali ba ta kwashe komai ba. Iskar da ba ta motsi ko kaɗan ita ma cuta ce, fumfuna ke bin ta. Ya zubar da rairayi, ya sa wani direban babbar mota mai zuwa Kwatano ya riƙa kawo masa ɓawon kwakwa, wanda ake zubarwa a bakin teku kyauta. Ya daddatse shi, ya wanke, ya shimfiɗa mai kauri kamar tsawon yatsa. Maimakon feshi daga sama, sai ya riƙa zuba ruwa a kusurwoyi: ƙasan shimfiɗar ya sha, saman ya zauna a bushe, laima ta riƙa tasowa sannu-sannu yini guda. Kwanon ruwa ya musanya shi da kasko mai faɗi da nauyi, wanda mesar za ta iya shiga ta kwanta ba ta kifar ba, kuma ana wanke shi ana sake ruwan kullum, domin wannan dabba takan ƙi ruwan da ya kwana, takan kuma yi kashi a ciki. Ƙwan lantarkin ya rage masa ƙarfi, ya sa masa na'urar da ke kashe shi in zafi ya kai inda ake so, ya kuma kewaye shi da waya don kada ta nannaɗe shi ta ƙone.

Amma abin da ya fi komai amfani bai ci kuɗin kirki ba. Ƙaramar tukunyar ƙasa ce daga wajen masu ginin tukwane, aka kife ta, aka fasa mata ƙofa daidai kaurin mesar, aka goge bakin don kada ya yanke ta, aka cusa tsumma mai tsabta da ɓawon kwakwa masu ɗanshi, waɗanda aka matse har ba sa ɗiga. Ko da laimar akwatin ta sauko 50 da rana, cikin tukunyar tana sama da haka nesa. Aka ajiye wata tukunyar busasshiya a ɗaya gefen. Daga nan zaɓi ya koma hannun mai jikin. In idonta ya yi hazo sai ta shige mai ɗanshi ta yi mako ba a gan ta ba. In ta tuɓe ta koma busasshiya. Tsohuwar fatar da ta liƙe kuwa an cire ta ne da haƙuri: akan sa mesar cikin roba mai murfi mai huji, da ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda bai shanye kaurin jikinta ba, minti 15 ko 20, mutum yana tsaye a kai, sa'an nan a bar ta ta ratsa cikin jiƙaƙƙen tawul. Na ido ba a taɓa shi da farce ko hantsaki ba, domin masu yin haka sukan ɓamɓaro har da mai rai su makantar da dabba. An bar shi, ya fita da kansa a saɓa ta gaba, wadda ta zo ɗaya tak da madubin ido biyu a jikinta. Mushe ya kai ta aji, ya shimfiɗa bisa tebur, yaran da suka fi kowa ihu su ne suka fi daɗewa suna kallo.

Wani ɗan abu a gefe, ga wanda ke da ma'aunin laima ko don goro ko don takardun buro: yawancin masu araha ƙarya suke yi, wani da kashi 10, wani fiye. Gwada su ba wuya. A cika murfin kwalba da gishiri, a ɗiga masa ruwa har ya jiƙe bai narke ba, a sa shi da ma'aunin cikin leda a ɗaure tam, a bari su kwana. Iskar da ke bisa jiƙaƙƙen gishiri tana tsayawa a 75 bisa 100. Abin da ma'aunin ya nuna sama ko ƙasa da haka, shi ne girman ƙaryarsa, sai a rubuta a manna masa.

Da hunturu kaɗai ne abokin gaba da an huta. Bazara ta fi shi haɗari. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 42 a inuwa, ɗakin kwano ya zama tanda, ita kuwa mesa in zafin jikinta ya daɗe sama da 35 ta shiga hatsari, domin ba ta gumi, ba ta da hanyar sanyaya kanta sai ta canza wuri, ga shi akwati ya hana. Na'urar sanyaya ɗaki mai matse iska tana sauko da zafi amma tana tatse laima, ruwan nan da ke ɗiga daga bayanta daga iskar ɗakin yake. Wadda ta dace ita ce mai hura iska ta cikin jiƙaƙƙen tabarmi, irin wadda ta cika gidajen ma'aikata a Yamai, domin tana sanyaya tana kuma ƙara laima. Ranar da babu wuta kuwa sai a koma ga dabarar kakanni. Akwatin yakan bar ɗakin karatu ya koma tsohon ɗakin ƙasa da ke bayan gida, a ajiye shi ƙasa tsakanin randuna biyu, a lulluɓa masa jiƙaƙƙen algarara ta gefen da iska ke shigowa. Ruwan da ke tsattsafowa ya bushe shi ke tafiya da zafi, dabarar nan da Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yi tukunya cikin tukunya da ita don adana kayan miya, har ya samu lambar Rolex a shekara ta 2000. A irin waɗannan ranaku uwargida, wadda har yau ba ta taɓa mesar da hannu ba, ita ce ke jiƙa algarara in maigida yana aji. Takan ce: "Malam, ni ba sonta nake ba. Amma abin da aka kulle, hakkinsa yana wuyan mai mabuɗi, kuma gidan nan ɗaya muke."

Damana in ta sauka sai a juya komai: a buɗe ƙofofin iska, a daina zuba ruwa a kusurwa, a riƙa sauya shimfiɗa, a kasa kunne ko numfashi ya fara shesheƙa ko baki ya fara kumfa. Ana wanke hannu da sabulu duk lokacin da aka taɓa ta ko kaskonta, domin masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, kuma ba a barin ƙananan yara su kusanci wurin.

Yanzu da wayar hannu ta cika gari, samari suna ganin Turawa da ƴan Amurka suna rataya wannan mesa a wuya, mai launin rawaya, mai fari fat, iri-iri da masu kiwo suka haɗa, sai sha'awa ta taso. Fiye da ɗan kasuwa ɗaya ya zo wa Mushe yana neman hanyar da zai samo wa ɗansa. Ya kamata su san daga ina kayan ke fitowa. Benin da Togo da Gana su ne manyan masu fitar da ita, kuma tun daga 1975, shekarar da yarjejeniyar CITES kan cinikin namun daji ta fara aiki, an fitar da miliyoyi zuwa Amurka da Turai. Mafarauta suna haƙa ramuka su kwaso ƙwai da mata masu ciki, gonaki su ƙyanƙyashe, a mayar da wani kaso daji, sauran su hau jirgi. A 2021 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke raguwa ta sa ta cikin waɗanda suka kusa shiga haɗari. Ketare iyaka da ita sai da takarda, kuma a nan gida dokar farauta da kare namun daji ta 29 ga Afrilu 1998 ta ɗora kama naman daji bisa izinin hukuma. Ko an cika duk wannan, akwai tsawon rai. Mesar nan tana yin shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. A 2020 wata mai shekara 62 ta yi ƙwai a gidan namun daji na San Luwi a Amurka. Yaron da aka saya wa ita yana aji shida zai yi aure ya haihu tana nan, kuma kowace shekara a cikin waɗannan akwai wata bakwai ko takwas na rani da sai an bi su rana-rana. Galibin masu sha'awar ba za su iya ba, kuma maciji ba ya kuka kamar akuya balle a ji. Yana bushewa ne shiru, wata da watanni, mai shi yana cewa ai lafiya lau take tun da ba ta motsi. Mushe ba ya yi musu wa'azi. Yakan ba mutum aron ma'aunin laima ya ce ya rataya a ɗakin da yake nufin ajiye ta, ya rubuta abin da ya gani daga Nuwamba zuwa Mayu, sa'an nan ya dawo su yi magana. Har yanzu ba wanda ya dawo da littafi cike.

Shi kansa lissafin ya zo ya same shi ta inda ma'aikacin gwamnati ba ya iya gardama. Takardar canjin wurin aiki ta fito, an tura shi Agadas, inda ruwan shekara bai kai sulusin na Maraɗi ba, kuma gidan da zai sauka na haya ne, ba ɗakin ƙasa, ba randuna. Ya yi kwanaki yana auna abin, ya ga ko da tukunya da ɓawon kwakwa, wata biyu na bazara a can da yankewar wuta ɗaya mai tsawo sun isa. Sai ya rubuta wa wani abokin karatunsa da ke koyarwa a Gaya, can kudu bakin Kwara, inda ruwa ke kai milimita 800 a shekara, ya je wajen ma'aikatan ruwa da daji aka sa hannu a takardar tafiya. Alhaji mai goro ne ya ba da wuri a motarsa, bisa sharaɗin a ajiye ta baya, nesa da direba. An sa ta cikin jakar alawayyo an ɗaure, aka sa jakar cikin kwando da ɗanyen ganye, aka rufe da algarara mai ɗanshi, aka tashi bayan sallar isha don a yi tafiyar da sanyin dare. Akwatin da kaskon da tukwanen biyu suka bi ta a motar, tare da littafin da aka rubuta laimar kowace safiya ta shekara 11.